Nasiha Ga Jama'ar Zango Bisa Ranakun Tunawa Na Ƙasar Gana

 



Ku san dalilin wannan rubutu. A watan Fabrairu na 2024 wani dattijo maƙwabcina ya shigo zaure bayan la'asar, riƙe da hannun jikansa, yaro mai karatun allo wurina da asuba da dare, da rana kuwa yana makarantar boko. An zaɓe shi cikin masu yin maci ran 6 ga Maris, har an ɗinka masa tufafi, ya yi mako uku yana koyon taka ƙafa. Sai wani mai wa'azi ya faɗa a masallacin unguwa, wai duk wanda ya bar ɗansa ya fita wannan rana ya yi idin kafirai. Dattijon ya ce mini, "Malam, yaron nan kwana biyu ke nan ba ya cin abincin kirki. In haram ne ka faɗa mini in hana shi, ko zai yi kukan jini. In kuwa ba haram ba ne ka faɗa wa jama'a, gama ba gidana kaɗai a ke wannan rigima ba." Na ce masa, "Baba, bar yaro ya tafi, amma da sharaɗi." Na faɗa masa sharuɗɗan, ya ce lalle sai na rubuta. Na yi ta jinkiri don gudun fitina tsakanin malamai, har na ga shirun ya fi maganar ɓarna. To, ga shi na rubuta, kuskuren da ke ciki nawa ne.

Fasali na farko, bisa mene ne waɗannan ranaku

Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Ranakun da na ke nufi uku ne.

Ta farko 6 ga Maris. A wannan rana cikin 1957 Turawan Ingila su ka sauka daga mulkin ƙasar nan, Kwame Nkrumah ya yi shela da tsakar dare a Ankara, a ka daina ce mata Gwalkwas a ka ce Gana. Nijar da Nijeriya ba su sami nasu ba sai 1960. Abin da a ke yi a ranar shi ne faretin soja da 'yan sanda, da macin yaran makaranta, da jawabin shugaba, da addu'a wadda a ke ba Musulmi rabonsu a cikinta. A 2019 an kai babban taron Tamale, karo na farko da ya fita daga Ankara.

Ta biyu 28 ga Fabrairu. A wannan rana cikin 1948 'yan mazan jiya waɗanda su ka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu su ka ɗauki takardar kuka za su kai wa Gwamna a gidansa na Osu, saboda haƙƙinsu da a ka yi musu alkawari ba a cika ba. Ba su riƙe da makami. Wani Baturen 'yan sanda mai suna Imray ya harbe uku daga cikinsu a mararraba, watau Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya hargitse, a ka kama shugabanni shida, Nkrumah yana cikinsu, daga nan kuwa mulkin Turawa bai sake zama daidai ba har ya ƙare.

Ta uku 11 ga Nuwamba, ranar da a ka tsai da Yaƙin Duniya na Farko cikin 1918 da ƙarfe 11 na safe. A kan taru a maƙabartar soja ta Osu da wasu wurare, a yi shiru na minti 2, a ajiye furanni, don tunawa da waɗanda su ka mutu a yaƙi.

Ku duba, babu ɗaya cikin ukun nan da ta fito daga littafin wani addini. Babu haihuwar wani annabi a ciki, babu bautar wani gunki a asalinta. Fitar mai mulkin mallaka ne, da jinin wanda a ka zalunta, da ƙarshen yaƙi.

Fasali na biyu, bisa rabonmu a cikinsu

Mutanenmu su kan ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Sunan unguwarmu ma haka ya ke nufi, gama zango wurin da ayari ke kwana ne, gari ya waye a ɗaura wa jakuna kaya a wuce. Amma ina tambaya, wace raɓa ce ta ke yin shekara fiye da 100 ba ta bushe ba? Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja da kanwa da fata da baƙin rini, su na komawa da goro, tun kafin Bature ya san hanyar Kumasi. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga cikin 1892 ba su koma Hausa duka ba, sun bazu cikin ƙasar nan su ka kafa gidaje. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, a Kete Karachi ya zauna yana karantarwa yana rubutu da Larabci da ajami har ya rasu cikin 1934. Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda a ka naɗa Limamin Ƙasa cikin 1993, asalin gidansu Hausa ne, a Ankara a ka haife shi cikin 1919. Ni kaina kabarin ubana da na kakana duk a nan su ke.

Sa'an nan maganar soja. Rundunar ƙasar nan daga dakarun da a ke kira Hausawa ta samo tushe, cikin 1879, har Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Wanda a ke cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila cikin Yaƙin Duniya na Farko, a ƙasar Togo cikin Agusta na 1914, sunansa Alhaji Grunshi, sojan ƙasar nan ne. A yaƙi na biyu an kai su Habasha, an kai su Bama, shi ya sa babban barikin Ankara ya ke ɗauke da sunan Bama. Cikin waɗanda su ka tafi ba su dawo ba akwai masu salla da yawa, 'ya'yan arewa da 'ya'yan zango. In an taru a na tunawa da su mu kuwa muna zaune a rumfa muna shan shayi, wa zai yi musu addu'a irin tamu? Wa zai gaya wa yaranmu akwai jininsu a wannan labari?

Ba kuwa zan ɓoye ɗacin ba. Cikin rundunar Turawa da ta ci Kumasi cikin 1874 akwai Hausawa, haka kuma a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Kasuwar Salaga ba goro kaɗai a ke sayarwa a cikinta ba, har da 'yan Adam, fatakenmu kuwa suna cikin masu saye. Tun 1998 ƙasar nan ta ke tunawa da 'yanta bayi ran 1 ga Agusta. Mutanen da mu ke zaune tare da su ba su manta da waɗannan ba. Wanda ya ke so a ambaci alherin kakansa, to, ya iya tsayuwa a wurin da a ke ambaton laifinsa, ya sunkuyar da kai ya nemi gafarar Allah. Wannan ma yana cikin gyaran da ƙungiyarmu ta ke kira zuwa gare shi.

Fasali na uku, bisa hukunci

Ƙa'ida a wurin malamai ita ce, ibada ba a yinta sai da dalili, al'ada kuwa ba a hana ta sai da dalili. Wanda ya ƙago wata salla ko wani azumi don ran 6 ga Maris, ko ya ce ranar tana da wata falala wurin Allah, ya yi bidi'a, mu ne na farkon masu tsawata masa. Amma wanda ya fita ya ga fareti, ya yi murna da tafiyar mai mulkin mallaka, ya yi wa ƙasa addu'a, yana cikin babin al'ada, sai a duba abin da ya aikata a wurin, halal ne ko haram.

Madogarata babba ita ce hijirar Habasha, gama su ne baƙi na farko a cikin wannan al'umma da su ka zauna ƙarƙashin sarkin da ba a kan shari'arsu ya ke mulki ba. Sun tafi a shekara ta biyar bayan aiko Annabi, mutanen ƙasar kuwa Nasara ne. Uwar Muminai Ummu Salama ta ba da labari, kamar yadda ya zo a littattafan sira, cewa wani ya taso yana jayayya da Najjashi a kan sarauta, sai baƙin ciki ya kama sahabbai. Su ka hura salka su ka ɗaura wa Zubairu ɗan Awwamu a ƙirji, shi ne ƙaraminsu, ya yi iyo ya haye kogi don ya ga yadda yaƙin zai ƙare, su kuwa su ka duƙufa suna roƙon Allah ya ba Najjashi nasara. Da Zubairu ya dawo yana kaɗa tufarsa da bushara, su ka yi farin ciki irin wanda ta ce ba ta san sun taɓa yin kamarsa ba. Ku lura, ba su ce wannan rigimar 'yan gari ce babu ruwanmu ba. Damuwar ƙasar ta zama damuwarsu, murnarta ta zama murnarsu. Amma su ɗin nan dai, da a ka shiga da su fada mutane suna faɗuwa suna sujada ga sarki, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi da jama'arsa su ka ƙi, su ka bayyana cewa sujadarsu ta Allah ce shi kaɗai. To, ga ma'auni nan an ba mu, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Kuma aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana ta nuna ba a hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. A ƙasar nan muna kiran salla da lasifika, muna gina masallatai, ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan mutum 1 ne cikin 5. Tun zamanin mulkin Rawlings a ka mai da ƙaramar salla da babba ranakun hutu ga ƙasa duka. Maƙwabcinka Kirista ya rufe ofis ranar idinka, ya zo ya ci naman layyarka, ya ce barka da salla. Ranar ƙasa ta zo, wadda ba ta cocinsa ba ce, ta ku duka ce, kai kuwa ka ja ƙofa ka rufe. Yaba kyauta tukwici ne, mu ko yabon mun kasa.

In an ce, ai hadisin Anas ya tabbata, Annabi ya tarar da mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa, ya sanar da su Allah ya musanya musu da mafi alheri, watau idi biyu, sai in ce gaskiya ne, wannan kuwa shi ne mafi ƙarfin dalilin masu hanawa, ba na raina shi. Saboda shi ne ba mu kiran ranar ƙasa idi, ba mu daidaita ta da salla a ado ko a girmamawa. Amma waɗancan ranaku bukukuwan jahiliyya ne da a ka gada tare da addininta, ba su yi kama da ranar da mutane su ka sanya don kada su manta da wani al'amari da ya same su ba. Malamai na wannan zamani sun saɓa a nan. Wasu manyan malaman Saudiyya sun hana, gidan fatawa na Misira ya halatta, Saudiyya kanta kuwa ta mai da ranarta ta 23 ga Satumba ranar hutu tun 2005. Ban kawo wannan don aikin sarakuna hujja ne ba, na kawo shi don a san mas'ala ce ta saɓani. Wanda ya zauna gida don tsantseni ba mu zarge shi ba. Wanda mu ke zargi shi ne mai hawa mumbari ya jefa wa yaro ɗan shekara 12 kalmar kafirci a kan abin da malamai su ka saɓa. Wannan kalma tana da nauyi, in ba ta sami wanda a ka jefa ba tana komawa kan mai jifa.

In an ce, yaya Musulmi zai tsaya shiru don matattun da ba Musulmi ba, sai in ce ya zo a Buhari da Muslim cewa an wuce da gawar Bayahude, Annabi ya miƙe, da a ka gaya masa ko wane ne ya nuna musu ai shi ma rai ne. Na san malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan an shafe hukuncin miƙewa don jana'iza, saboda hadisin Sayyadina Aliyu. Amma darajar rai da a ka ambata ba a shafe ta ba. Abin da Alƙur'ani ya hana, cikin Suratut Tauba, shi ne nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara. Saboda haka cikin minti 2 ɗin nan ka nema wa Musulmin cikinsu gafara a zuciyarka, ka wa'azantu da mutuwa, ka roƙi Allah ya tsare ƙasa daga yaƙi.

Fasali na huɗu, bisa sharuɗɗa

Ga abin da na gaya wa dattijon. Na ɗaya, kada salla ta fita lokacinta saboda fareti, in ranar ta faɗo Juma'a a bar fili a tafi masallaci. Na biyu, a wasu taruka a kan tsiyaya giya a ƙasa a na kiran kakanni da iskoki, to, Musulmi ba ya amsawa, ba ya riƙe ƙwarya, ba ya cewa amin. Ya kame bakinsa, kada kuma ya yi zagi ko ba'a, gama an hana mu zagin abin bautar wasu. Na uku, tsayuwa don tuta ko taken ƙasa a yi ta da nufin alkawarin zaman tare, babu ruku'u, babu durƙuso. Na huɗu, 'ya'yanmu mata su yi maci da sutura cikakkiya, iyaye su je su nemi wannan wurin shugabannin makaranta tun da wuri, da lalama, kada a bari sai ranar ta zo a yi ta cacar baki. Na biyar, abin da ke biyo bayan fareti na shaye-shaye da raye-raye a bakin teku da gidajen rawa ba ya cikin tunawa da kowa, haram ne ran 6 ga Maris kamar yadda ya ke haram ran 7. Ajiye furanni kuwa ba al'adarmu ba ce ga matattu, ni ba na yi, addu'a ta ishe mu.

Ga baƙin da su ka zo kwanan nan ina ƙara ɗaya. Na gan ku kuna ɗaura tutar Nijeriya a babur ran 1 ga Oktoba, 'yan Nijar kuma ran 3 ga Agusta, ban ga laifinku ba. Amma ƙasar da ku ke cin abinci a cikinta tana da haƙƙi. Ku halarci taronta, ku gai da sarkin gari, ku sa hannu a aikin gayya na share unguwa. Sai dai ku nisanci rigimar jam'iyyu, kada wanda ba ɗan ƙasa ba ya karɓi katin zaɓe, wannan ha'inci ne, kuma zango duka a ke shafa wa baƙin jini da shi.

Fasali na biyar, bisa abin da ke cikin zukatan tsofaffi

Na san abin da ya sa wasu dattawa ba su son jin wannan magana, ba kuwa hadisi ba ne. Cikin 1957, watanni kaɗan bayan murnar 'yanci, a ka kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usmanu Lardan zuwa Nijeriya saboda siyasa. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu don a fitar da su. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fita. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kan ba mu labarin yadda ƙanensa ya sayar da gida da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na akuya biyu ba, ya hau babbar mota da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Kano ba. Har yau yaron zango ya kan je wani ofis neman takarda, a ji sunansa a ce ya kawo shaidar kakansa.

Duk wannan gaskiya ne. Ba kuma zan ruɗe ku in ce maci yana hana kora ba. Amma ku tuna cikin Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, mutanen Gana kimanin miliyan 1 su ka fito daga Nijeriya cikin wahala, har jakar da su ka zuba kaya ta sami suna daga wannan kora. In za a yi ƙidayar laifi babu mai wanke hannu. Abin da na sani shi ne, mutanen da ba a ganinsu ranar murna da ranar makoki su ne a ke saurin cewa ba na nan ba ne, mu kuwa da bakinmu mu ke taya masu faɗin haka in mun ce ranarsu ce ba tamu ba. Zumunta a ƙafa ta ke.

Ga mahukunta kuma ina da roƙo. In kun kira mu taro ku kira mu da gaske, a sa labarin zango cikin abin da a ke koya wa yara, a daina tambayar wanda kakansa ya mutu a Bama daga ina ya fito. Ga 'yan'uwa na Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram waɗanda takardar nan za ta isa gare su, akwai baƙi a cikinku, ku yi musu abin da ku ke so a yi mana.

Yaron nan ya yi macinsa, na je na tsaya a bakin fili tare da kakansa, mu ka dawo mu ka yi azahar cikin jam'i, da dare ya wanke allonsa ya ɗauki sabon rubutu. Mai wa'azin kuwa ɗan'uwana ne, na je gidansa kafin in rubuta wannan, mun yi muzakara, bai sauka daga ra'ayinsa na hani ba, amma ya yarda zai janye kalmar kafirci a inda ya faɗe ta. Allah ya saka masa da alheri. Malamin da ya ga kuskure a cikin abin da na faɗa ya rubuto da dalilinsa, za a buga a wannan takarda in Allah ya so.

Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, da ƙasashen iyayenmu, ya jiƙan magabatanmu, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Amin. Haza wasalam.